Nesa da Wa?

...kuma ba launin ba ne. Jiya na ce launi ne, shekaranjiya na ce hasken ɗakin ne. A'a. Ga zane-zanen nan goma sha ɗaya jingine da bango, Wasila ta dawo mini da su daga Abuja, kowanne naɗe da jarida. Ita ke zaɓen zanen da za a rataya a baje kolin. "Suna da kyau, Anti Raliya, amma kowa ma zai iya cewa nasa ne." A hankali ta faɗa, tana gyara mayafi. Litinin za ta koma. Ɗaya tak take so, wanda yake nawa — in babu, ta ba wani gurbin. Ni kuwa na san kaina. In ta tafi ba komai, zan wanke burushin nan da kananzir in rufe a akwati, shi ke nan.

Shekara arba'in da bakwai. Ashirin a ofis cikin Gusau, zane sai Asabar da Lahadi, kamar mai abin kunya...

Nawa. Wanne ne nawa? Dutsen Kwatarkwashi da safe, dutsen da yamma, kasuwar hatsi, duwatsun Tsafe ta tagar bas, shuɗi-shuɗi kamar hayaƙin da ya manta ya tashi. Duk daidai suke. Malaminmu a makaranta, rula a hannu: abin da ke kusa babba, abin da ke nesa ƙarami, layuka su je su haɗu a ɗigo ɗaya. Na fi kowa iyawa. Har yau hannuna yana jiran ya zo ya duba.

Ƙyallen da zan yi sabon zane a kai yana nan fari. Fanka ta tsaya. Wani ɗan kabu-kabu yana ta hon a titi... ko kukan maraƙi ne? Warin kananzir, warin hayaƙin kashin shanu, damina, rugar su Goggo Adama can bayan Bungudu. Na kai mata zanena na farko, garken Baffa Manu a fadama. Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta daɗe tana kallo.

"Mi ya samu jar saniyar ga, ta ƙanƙance haka? Ita ce fa babbar garken."

"Tana nesa ne, Goggo."

"Nesa da wa?"

Dariya na yi. Har na kai labarin makaranta, muka sha dariya da ƙawaye — Allah Sarki. Ita ba ta yi ba. Ta miƙo mini abina, ta koma kan ƙwaryar nononta.

Nesa da wa... Da ni mana. Da wurin da aka ce in tsaya, in rufe ido ɗaya, in miƙa fensir in auna. Goggo ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya ta kalli saniyar nan ba. Ta tatse ta, ta jingina goshi da cikinta, ta san tarinta cikin shanu hamsin. Ta yaya za ta ƙanƙance?

Yanzu babu rugar. Sun tashi shekarar da daji ya ƙi zaunuwa. Goggo ta rasu a ɗakin haya a Tsafe, ban samu zuwa ba sai ran sadakar uku. Ba abin da ya kai ta nisa yanzu. To me ya sa ta cika ɗakin nan, ɗankwalinta yana goga silin, ni ce 'yar ɗigo a bakin ƙofa?

Gawayi tukuna. Fenti daga baya. Can sama, inda ya kamata komai ya koma ƙarami — jar saniyar, wuya, tozo, ƙaho... hannuna yana ja da baya da kansa, yana so ya rage. Bari. Tozon ya cinye inda dutse zai zauna. Ba daidai ba ne. Za a ce na manta ƙa'ida, ko a ce... ban sani ba.

Ƙahon ya kai bakin ƙyallen, bai ƙare ba. Gawayin ya hau katako, saura bango. Hannuna ya gaji a sama, kuma ban san ko in sauke shi ba.