Layin da Ya Gangara

Wani dare na ji ƙara kamar ɓera yana gurgurar ƙwarya. Na haska tocila. Ashe haƙoran matata Habibat ne, jikinta na karkarwa, idonta a buɗe amma ba ta ganina.

A Yola aka saka kanta cikin na'ura, aka ba mu hoto baƙi mai santsi. Likita ya nuna wani farin tabo kamar ƙwayar gyaɗa, ya ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa. Bayan wata huɗu aka sake ɗauka, gyaɗar ta zama goro. Ya ce a dawo da ita a yi aiki. Da Turanci ya faɗa. Ni kuwa na ce mata magani za a ƙara.

Hotunan sun burge ni. In ka ɗaga su a rana, sai ka ga kamar kogi da rassansa. Na datse gefensu da almakashi don su shiga akwatina, wurin da aka rubuta kwanan wata ya tafi.

Maƙwabcinmu a Yelwa, Nicholas, lissafi yake koyarwa a jami'a. Ya ce in ya auna tabon a hoto biyu, ya san kwanakin da ke tsakani, kwamfuta za ta zana masa inda abin ya dosa.

"Amma ni ba likita ba ne, Baba Yaji. Wanne aka fara ɗauka?"

Na dubi gyaɗa, na dubi goro. Na miƙa masa hoton mai goron. So nake in ga yadda layin zai kasance in duniya ta juya da baya.

Ranar Asabar ya shigo da kwamfutar, matarsa Alice na biye da shi. Wani jan layi ya taso daga sama, ya gangaro a hankali kamar hanyar dutse, ya kwanta a ƙasa.

"Mama, in ya ci gaba haka, kafin kaka ba sauran komai!" in ji Nicholas.

Habibat ta yi dariya, ta farko tun azumi. Ta juyo gare ni.

"To Malam, ba ni ba Yola. Ƙauyenmu Kolere zan tafi in shuka gyaɗata, damina ba ta jiran mai ciwo."

"A dai je, likita ya gani," in ji Nicholas.

"Kai da injinka kun riga kun gani, ɗana."

Ta tashi neman fartanya, ta nufi ƙofar ɗaki, kafaɗarta ta bugi bango. Ta tsaya tana shafa shi, tana neman ƙofar.

In na yi magana na kashe dariyar, in na yi shiru ba za ta shiga mota ba.

Alice ta rage murya.

"Baba, in raguwa yake yi, me ya sa jiya ta tambaye ni ko ni wace ce?"