Maɗigar Eusebio

Shekara huɗu Leocadia tana jiran ranar da Doña Praxedes za ta nemi taimakonta, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa hakan ba.

Praxedes ce mai maganin yara a ƙauyensu na kan tsaunukan Lempira. Da amai da gudawa suka kama Eusebio, ɗan Leocadia mai wata takwas, tsohuwar ta taɓa tsakiyar kansa ta ce maɗiga ce ta faɗa. Ta danna masa ganɗa da babban yatsa, ta riƙe shi kai ƙasa tana bubbuga masa tafin ƙafa, sannan ta hana a ba shi ko ɗigon ruwa, wai ruwan ne ke ƙara zawon. Kwana biyu ya yi. Sai bayan an binne shi wata nas ta gaya wa Leocadia cewa ruwan rafin da aladu ke shiga ne ya kawo ciwon, bushewar jiki kuma ta lotsa maɗigar. Da an ba shi tafasasshen ruwa da sukari da ɗan gishiri, da ya tashi.

Tsabar ƙiyayya ce ta kai Leocadia koyon aikin lafiya, babu ruwan tausayi a ciki.

Wata Lahadi da damina, ana fitowa daga coci, sai ga Praxedes a ƙofar Leocadia rungume da jikarta, idanun yarinyar sun zurma, leɓe ya bushe. Ta gwada duk dabarunta sun ƙi. Mata suka cika ƙofar.

Leocadia ta haɗa ruwan a kofi, ta riƙe abinta.

"Zan ba ta, Doña. Amma sai kin faɗa a gaban matan nan wanda kika hana ruwa."

"'Yata, yarinyar nan ba ta yi miki komai ba."

"Shi ma bai yi miki ba."

Tsohuwar ta dubi jikarta, ta buɗe baki. Ba da Eusebio ta fara ba. Sunaye bakwai ta jera a hankali, kowane yaro da sunan uwarsa, Eusebio na biyar.

Leocadia suna ɗaya ta nema. Ta durƙusa tana ɗura wa yarinyar ruwan cokali-cokali. A bayanta wata dattijuwa, wadda ta yi shekara ashirin tana cewa Allah ne ya karɓi ɗanta, ta ji sunansa a jerin, ta sulale ta zauna a ƙasa.