Jini a Hancin Duna

Da na dawo daga shagon walda da la'asar, na tarar da karena Duna kwance kusa da famfo, jini na ɗiga daga hancinsa. Na juya shi. Cikinsa duk tabo ne, ja da baƙi, kamar an lakaɗa masa duka da sanda.

Ƙanena mai aski ranar bai fita ba. Shekaranjiya kuma, da Duna ya tauna masa takalmi, a gabana ya ce sai ya kashe shi.

Na same shi a tsakar gida yana goge almakashinsa.

"Me ka yi masa?"

"Wa? Ɗan lelen naka?" Ya yi dariya. "Yaya, ni da ko taɓa shi ba na yi."

Dariyar ce ta ƙarasa ni. Akwai guntun rodi a hannuna, na taho da shi don gyaran ƙofa. Bugun farko ya same shi a kafaɗa. Ya ɗaga hannun dama ya kare fuska, na biyu ya sauka a kan yatsunsa. Na ji ƙarar ƙashi. Ban tsaya ba sai da matata ta ƙanƙame ni ta baya tana ihu.

Maƙwabci ne ya kai shi asibiti. Ni kuwa Duna na ɗauka, na kai shi asibitin dabbobi.

Likitar dabbobi ta ɗaga leɓensa, dasashin fari fat. Ta ɗebi jini ta auna, sannan ta leƙa kunnensa ta ciro wata kaska da ta sha jini ta kumbura.

"Ciwon kaska ne. Ƙwayar cutar tana hana jini daskarewa, sai ya riƙa tsattsafowa ƙarƙashin fata. Babu wanda ya doke shi. Ba ka taɓa ganin kaska a jikinsa ba?"

Na gani. Wata biyu baya na cire guda bakwai da filayar aikina. Ƙanena ne ma ya nuna mini su, ya ce in kai shi a duba. Na ce masa aski ya sani, ba kare ba.

Duna ya sha magani na wata ɗaya ya miƙe. Yatsu uku na ƙanena ba su ƙara lanƙwasuwa ba. Almakashi zamewa yake yi daga hannunsa.

Ranar da aka cire masa bandeji na shiga ɗakinsa, na tsaya a bakin gado.

"Yaya, karen ya tashi?"

"Ya tashi."

"To, madalla."

Ya juya fuskarsa bango.