Baƙuwa daga Dogo-Dogo

Ilimi ba shi da iyakar ƙasa, kuma babu inda aka tabbatar da haka a faɗin Afirka kamar Babbar Makarantar Tauraron Kudu da ke Magariya. Haka aka rubuta a babban allon da ke bakin ƙofarta, da Faransanci da Ingilishi da Larabci. Ba a sa Hausa ba, don masu jin Hausa sun san wurin tun yana siton gyaɗa. A tsakiyar allon akwai hoton wata budurwa da farin hijabi tana murmushi, an rubuta a ƙasanta: ɗalibanmu daga ko'ina cikin duniya suke zuwa.

Budurwar ita ce Fiddausi Hammadu, kuma daga Dogo-Dogo take zuwa, a bayan kabu-kabu.

Tana shekara ta biyu a karatun aikin gona aka ce wata hukumar ƙasa da ƙasa mai auna ingancin manyan makarantu za ta turo masu bincike. Dakta Abdulrazak, mai makarantar kuma daraktanta, ya samo wa kowace tambayarsu amsa. Ɗakin karatu, an aro littattafai. Manyan malamai, an aro uku daga Damagaram na kwana biyu. Tambaya ɗaya ce ta tsaya masa a wuya: ɗalibai nawa gare ku daga ƙasashen waje?

Mushe Tamu, wato Malam Tamu a Faransance, dattijon da ke riƙe da rajistar ɗalibai, shi ya tuna Fiddausi ta taɓa yin shekara uku a Ɓaɓura, hayin iyaka cikin Nijeriya, wajen goggonta. Aka kira ta biro, wato ofishin Dakta.

"'Yata," in ji Dakta, "an ce kina jin Ingilishi."

"Kaɗan-kaɗan, Dakta. Na kasuwa ne."

"Ai shi ne na ƙasa da ƙasa. Ranar Talata ke 'yar Nijeriya ce."

"Ni? Dakta, babana yana nan Dogo-Dogo. Can aka haife ni, can gonarmu take."

"Wa ya ce za a taɓa gonarku?" Ya jawo takarda ya rubuta kalma biyu, ɗaya bisa ɗaya: nigérienne, 'yar Nijar, nigériane, 'yar Nijeriya. "Duba nan. Ko Bafaranshen da ya ƙirƙiro su sai ya sa tabarau kafin ya bambanta. Kwana biyu ne. In muka samu tambarin ingancin hukumar nan, difilom ɗinki na gama karatu har Kanada sai an miƙe masa tsaye. Baƙi na juya baya, Tamu ya gyara."

Ta dubi Mushe Tamu. Shi kuwa ya dubi farcensa. Ta tuna 'yan ajinsu arba'in da za su amfana, ta ce to. Aka canza kalmar a rajista.

Ranar Talata baƙi uku suka iso da motoci biyu da robobin ruwan shansu. Shugabarsu, wata farar mace mai kirki, ta kama hannun Fiddausi da hannu biyu, ta tambaye ta da Ingilishi yadda ta ji da barin ƙasarta.

"Akwai wuya," in ji Fiddausi, tana tuna rairayin hanyar Dogo-Dogo.

"Kin saba da abincin ƙasar nan kuwa?"

"Ina ƙoƙari."

"Harshen fa? Yaya kike magana da mutanen gari?"

"Na koyi Hausarsu. Ba ta yi mini wuya ba sosai."

Matar ta rubuta wannan, ta ja masa layi biyu. A rahoton da ya fito an ba Fiddausi sakin layi guda, a matsayin misalin yadda matasan Afirka ke ƙetare iyakoki da al'adu don neman ilimi. Makaranta ta samu tambarin inganci na shekara biyar. Aka yanka bijimin sa.

Bayan shekara ɗaya da rabi Fiddausi ta gama karatu, ta karɓi difilom. Da farkon damina, gwamnati ta buɗe konkur, wato jarrabawar gasa, na ɗaukar malaman gona, na farko cikin shekara shida. Don shi Fiddausi ta yi karatun, don shi mahaifinta ya bar ta ta tafi, duk da maganganun dangi. Ranar Juma'a za a rufe karɓar takardu. Ranar Laraba ta kai dosiye nata, wato tarin takardunta, Damagaram.

Ma'aikacin ya buɗe, ya duba, ya gyara tabarau. Shi dai bai sha wuyar bambanta kalmomin ba.

"Malama, wannan konkur na 'yan ƙasa ne."

"Ai ga takardar shaidar zama 'yar ƙasa nan a ƙasa."

"Na gan ta. Ita ta ce ke 'yar Nijar ce. Difilom ya ce mai shi 'yar Nijeriya ce. Ko dai ku biyu ne, ko ɗaya na ƙarya. Ni ba alƙali ba ne. Ki koma su gyara, su buga hatimi, ki dawo kafin Juma'a da azahar."

Da safiyar Alhamis tana gaban teburin Mushe Tamu. Ya karɓi difilom ɗin ya daɗe yana kallonsa, kamar ba shi ya buga ba.

"Baba Tamu, cewa aka yi kwana biyu."

"Haka aka ce, 'yata. Na je zan gyara, aka ce in dakata rahoto ya fito. Da ya fito aka ce in dakata a yi biki." Ya rage murya. "Gyaran nan bai kai shan ruwa ba. Amma hatimi na aljihun Dakta."

Dakta ya karɓe ta da fara'a, har ya sa aka kawo mata lemo. Ya saurare ta yana gyaɗa kai, sannan ya jingina.

"Kin ga, 'yata, inganci yana da ƙa'ida. Kowace shekara muna aika wa hukumar nan jerin ɗalibanmu na waje. Sunanki ne na farko. In na sa hannu yau cewa ke 'yar Dogo-Dogo ce, me na ce ke nan? Na ce takardunmu ba abin dogaro ba ne. Su janye tambari. Ɗalibi ɗari uku su tashi da takardar tsire. Kina son haka?"

"Dakta, ai gaskiyar ke nan. 'Yar Dogo-Dogo ce ni."

"Ba a kan gaskiya muke magana ba, a kan daidaiton bayanai muke."

"To ku ce kuskuren bugu ne. Harafi ne, ku da kanku kuka ce."

"Kuskuren bugu? A makarantar da ke da tambarin inganci?" Ya yi dariya har da dafa tebur. "Ki yi haƙuri shekara uku da rabi, wa'adin ya ƙare, mu gyara cikin sirri. Kuma ki buɗe idonki, ki daina tunanin ƙauye. Da wannan takarda kina iya neman aiki a Nijeriya."

"Da wace shaidar haihuwa?"

Ya duba agogonsa. Gobe, in ji shi, akwai bikin cikar tambari shekara ɗaya da rabi, za a yi jawabi kan zirga-zirgar ɗalibai tsakanin ƙasashe. Zai ji daɗi in ta zo da farin hijabin nan.

Fiddausi ta miƙe. Akwai maganganu a bakinta da za su iya kwance rufin biron, da Hausa da Faransanci da Ingilishin kasuwa. Sai ta hango 'yan shekarar farko ta taga, suna zaune a inuwar bishiyar bedi suna haddar darasi, yawancinsu 'ya'yan manoma irinta, daga Sassumbrum da Dungas. Ta ajiye lemon ba ta buɗe ba, ta fita.

Mushe Tamu ya biyo ta har ƙofa, ya miƙa mata difilom ɗin cikin sabuwar ambulan.

"Kada ya yi datti," ya ce, bai ɗago kai ba.

Ta tsaya ƙarƙashin allon tana jiran kabu-kabu. Wanda ya tsaya ya dubi hoton, ya dube ta, ya sake duban hoton.

"Hajiya, ke ce wannan? Bakin iyaka za a kai ki?"

"Dogo-Dogo."

Ranar Juma'a da hantsi, lokacin da Dakta ke gaya wa manyan baƙi cewa duniya ta zama gari ɗaya, Fiddausi tana gonar mahaifinta ana noman farko. Malam Hammadu ya kai ƙarshen kunya, ya tsaya ya share gumi.

"Fiddausi, ba yau ne za ki koma Damagaram ba?"

"An ɗaga, Baba."

"Zuwa yaushe?"

"Za su sanar."

Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ta ce amin, ta sunkuya ta kama kunya ta gaba.