Waƙar Sa'adiya a Wayar Malam Ya'u

Shekara goma sha tara Malam Ya'u ya yi yana gyaran inji a wani kamfanin robobi da ke Sharaɗa. Mutumin Maraɗi ne, can ya bar iyalinsa, shi kuma yana haya a Panshekara. 'Yarsa ta fari, Sa'adiya, tun tana ƙarama take son waƙa, shi kuwa bai taɓa ba ta fuska a kan haka ba.

Wata Laraba da safe, yana sa kayan aiki, ta kira shi.

"Baba, waƙata ta fita. Tana cikin manhajar nan da na sa muku a waya da Sallah. Don Allah ku saurara kafin ku ce komai."

Ya ce, "To. Yau zan ji ta."

Da aka tashi hutun rana ya yi sallar Azahar, ya zauna a rumfar mai shinkafa da wake da ke bakin ƙofar kamfanin, ya taɓa manhajar. Wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a fuskar wayar, can sai manhajar ta rufe kanta. Ya sake taɓawa, haka dai.

Isyaku, direban motar kaya da suke cin abinci tare kullum, ya leƙo. "Malam Ya'u, shinkafarka na hucewa. Ka kira yarinyar nan ka ce ka ji, ta yi daɗi, shi ke nan."

"Ban ji ba, ta yaya zan ce na ji?"

"To ka kai wa masu gyaran waya ranar Asabar."

"Yau na ce mata, ba Asabar ba."

Ya ture kwanon gefe, ya bi abin daki-daki yadda yake bin inji. Ya duba data, akwai. Ya fita bakin titi inda sabis ya fi ƙarfi, tireloli na wucewa suna busa masa hayaƙi, babu canji. Ya kashe wayar ya kunna. Ya tuna Sa'adiya ta taɓa cewa waya idan ta cika takan yi nauyi, sai ya shiga goge bidiyoyin da 'yan garinsu ke turowa, na biki da na siyasa, har babban yatsansa ya gaji. Zoben nan dai bai fasa juyawa ba. Jiniyar kamfanin ta yi kuka, ya koma aiki da yunwarsa.

Wajen ƙarfe uku aka kira shi kan injin bokiti da ya tsaya. Ya yi wa mai kula da injin tambayar da ya saba yi: "Me aka taɓa na ƙarshe kafin ya tsaya?" Maganar na fita daga bakinsa ya ji kamar da kansa yake. Ai ranar Lahadi batirin wayarsa ya kumbura, ya canza wani a kasuwa.

Ana tashi, ya zauna a gindin katanga ya shiga saitin wayar. Agogo daidai yake, don shi ya gyara shi da hannunsa saboda sallah. Kwanan watan ne bai kula ba, ashe cire batirin ya mayar da wayar shekara tara baya. Ya gyara rana da wata da shekara, ya taɓa manhajar yana bismilla. Zoben ya juya sau biyu, hotunan mawaƙa suka bayyana. A hankali ya rubuta sunan 'yarsa, harafi bayan harafi.

Ya manna wayar a kunne, ya toshe ɗayan da yatsa saboda ƙarar motoci. Waƙar a kan mahaifiyarsa ce, marigayiya Inna, yadda ta yi ta ɗaukar itace daga daji tana sayarwa har ta yi wa ɗanta kuɗin mota zuwa Kano. Sau uku ya saurara. Isyaku ya yi masa hon zai rage masa hanya, Malam Ya'u ya ɗaga masa hannu alamar ya je, Isyaku ya wuce.

Sannan ya kira ta.

"Na ji."

"To Baba, me kuka gani?"

"Kiɗan ya yi yawa, yana danne muryarki. Ki gaya wa mai haɗa miki ya rage." Ya share fuska da hularsa. "Wa ya ba ki labarin itacen nan?"

"Inna da kanta, lokacin da nake kwana a ɗakinta."

"Bayan itace har gyaɗa ta soya. Idan na zo gida zan ba ki sauran."

Ya sa wayar a aljihu, ya tsallaka titi neman adaidaita sahu mai zuwa Panshekara.