Ƙarfen da Muttaka Ya Bari

Ni na raba Muttaka da aikinshi, kuma ko gobe aka maido da maganar sai na sake raba su. Ƙanena ne, autan Inna. Ya yi karatun kwamfuta har jami'a, muna ta murna zai zauna ofis cikin sanyi, sai ga shi ya ƙare a gyaran ƙarfen sabis. Yana zaune a Ƙaura, amma duk ƙarfen da ya ɗauke tsakanin Zurmi da Shinkafi shi ake kira. Ya ɗauki igiya da kwamfutarshi, ya hau babur, ya bi hanyar da direbobi ke yin alwala kafin su shige ta.

Da 'yan bindiga suka tare abokin aikinshi Jatau a hanyar Zurmi suka yi daji da shi, sai na ce to, ya isa haka. Na san jami'a ta ba shi gurbin digiri na biyu a Sakkwato, fannin kuɗi da aikin banki, yana ta jan ƙafa. Na tafi Ƙaura na zauna mishi a tsakar ɗaki.

Ya ce, "Yaya Asabe, in na tafi wa zai riƙa duba ƙarfen garinmu? Sauran ba su yarda su shiga can."

Na ce, "Kai ka haifi kamfanin? Tattara kayanka, don Allah. Ka je ka koyi aikin da ake yi a kan kujera."

Ya tafi. Damina na faɗuwa tsawa ta bugi ƙarfen namu, shi ke nan, ɗif. Garinmu yana gaba da Katuru, babu wanda ya zo, ba kuma mu sa ran wani zai zo ba. Ƙarfen yana nan tsaye, shamuwa ta yi gida a kanshi.

Na san Muttaka. In ya ji, zai ajiye littafi ya hau mota, ya ce kwana ɗaya ne kawai. Don haka ban faɗa mishi ba. Dama duk Alhamis ina kai man gyaɗa da ƙuli kasuwar Shinkafi. In na saida, sai in zagaya bayan masallaci inda babu hayaniya, in kira shi kamar ina tsakar gida. Na ce mishi batirin wayata ne ya lalace, shi ya sa sai jefi-jefi. In ya nemi Inna, in ce ta yi barci, ko tana salla, ko maƙwabta sun shigo. Inna kuwa ƙafa ta riga ta kwantar da ita, ko zaure ba ta iya kaiwa, balle Shinkafi.

Wallahi na gaji. Hanyar kanta ta ishi mutum, ka tafi kana salati ka dawo kana salati, ga kuma ƙaryar da zan ƙera kowane mako. Shi ma muryarshi ba ta da daɗi. Ya ce ajin duk yara ne 'yan banki masu ɗaure wuya, shi kaɗai ne mai kanta a tafin hannu. Ya ce da can in abu ya lalace yana ganinshi ya taɓa shi, yanzu kuwa hannun jari ne da hasashen riba, abin da ba ka iya kamawa. Na ce, "Su ma hasashen sun taɓa harbin wani? Zauna ka karanta."

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce na kira shi da azahar. Ya ce jarabawa za su fara ran Asabar, yana son ya ji muryar Inna ta sa mishi albarka.

Na ce, "Ta ɗan kishingiɗa."

Daidai nan wani mai amalanke, Allah ya shirye shi, ya kwararo ihu a bayana: a ba shi hanya, buhunan gero ne.

"Yaya, yaushe aka fara saida gero a tsakar gidanmu?"

Ina laluben wata ƙaryar, sai ya sake jefo tambaya.

"Tun yaushe ƙarfen ya ɗauke?"

Na ce, "Tun ruwan farko."

Na ji numfashinshi. Ya ce ya san abin da ya ƙone, wani ɗan akwati ne a gindin ƙarfen, aikin yini guda. In ya taso Juma'a da safe...

Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Muttaka, in ka tako hanyar nan, ni da kai har abada. Matar Jatau tana nan tana jira har yau. So kake in zauna kusa da ita? Mun yarda da rashin sabis. Kakanninmu da me suka yi waya?"

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "To. Kashe, zan turo miki saƙon murya. Ki kunna mata."

Na jira saƙon ya shigo, na dawo gida da la'asar. Inna tana kan tabarma a ƙofar ɗaki. Na ce mata, "Ga Muttaka," na danna, na ajiye wayar kusa da kunnenta.

"Salamu alaikum, Inna. Ina wuni?"

Sai ya yi shiru. Ashe wuri ya bar mata. Inna ta gyara kallabi ta ce, "Lafiya lau, auta."

"Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Jibi za mu fara jarabawa, Inna. A sa mini albarka."

Nan ya bar wuri mai tsawo. Ta yi ta addu'a, Allah ya buɗa ƙirji, Allah ya tsare gaba da baya, ta tofa a hannu ta shafa wa wayar. Da ta gama ta matso da bakinta ta ce, "To yaushe za ka zo in gan ka?"

Wayar ta ce, "Amin, Inna, na gode. Sai an jima."

Inna ta ɗago ta dube ni. Na ce mata sabis ne ya yanke, na tashi na shiga wanke galan ɗin mai.