Azumin Inabi

"Ba zan ba shi ruwa ba, Baba."

Ummulkhairi ta faɗi haka tana tsaye jikin injin ban-ruwa, igiyar tayar da shi naɗe a hannunta. Baba Labbo, wan mahaifinta, ya waiwayi dattawan da ke bayansa, ko cikinsu ne wani ya yi maganar.

"Mi kika ce?"

"Ƙishi nake so ya ji."

Inabin nan mahaifinta, marigayi Tukur, ya kawo daga Jos, ya dasa a bakin gulbin Bungudu, ya kafa masa rumfuna. Irin ƙasar sanyi ne. Da ya samu ruwa da taki a Zamfara sai ya zama ɗan gata: ci, sha, miƙe ƙafa. Ganye har ya yi yawa, 'ya'ya kuwa ko na rantsuwa babu. Tukur ya rasu yana jira. Baba Labbo bai ga asara ba, don duk garin babu inuwa irin wannan. Nan majalisarsa take gyara Najeriya kullum bayan azahar.

Sai ga yarinya ta dawo daga karatun noma a Gusau da almakashi. Ta ce inabi ba ya haihuwa sai ya zaci sanyin ƙasarsu ya zo ya wuce. Da ɗari ya shigo ta yanke ruwa, ta tsige ganye, ta datse rassa, har rumfunan suka koma kamar haƙarƙarin saniyar rani.

"Gidan nan ba a taɓa hana mai rai ruwa ba," in ji Malam Bawa, na hannun daman Baba Labbo.

"Azumi na sa shi, Malam."

"Ka ji, Labbo! Har itace ta musuluntar."

Aka yi dariya, ban da Baba Labbo, wanda rana ke dukan ƙeyarsa a gaban mutanensa.

"To ki ji," ya ce. "In bai haihu bana ba, tumɓuke shi zan yi in zuba albasa."

Ta sha magana. A gidan suna aka ce giya za ta dafa. Iya, ƙanwar mahaifiyarta, ta taso takanas daga Tsafe da rubutun sha, ta ce boko ya taɓa ta. Ummulkhairi ta shanye rubutun ta yi godiya, igiyar injin dai tana ƙarƙashin matashinta. Kullum da safe sai ta kankare bawon reshe da farce, ta ga ko da sauran ɗanye.

Da sanyi ya fara sauka ta saki ruwa. Rassa suka tsatso, wannan karon da fure. Kafin zafi ya yi ƙarfi nonnan inabi sun sauko, ƙanana, baƙaƙe, ga tsami mai tayar da barci.

Ta kai wa Baba Labbo na farko a faifai. Ya ɗanɗana ɗaya, fuskarsa ta tattare wuri guda, ya ture faifan. Bai sake zancen albasa ba.

Gonar ta tsira. Amma kurangar inabin da Tukur ya fara dasawa da hannunsa ba ta farka daga azumin ba, ta bushe har saiwa. Majalisa ta koma gindin dogon yaro. Baba Labbo kuwa, har yau in ta durƙusa ta gaishe shi, rediyonsa yake ƙara wa murya.